Kawu ya ce a kai ƙanena a sa masa mari, ni kuma zuciyata ta ƙi

Rabi Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai tura ta kai bango. Maganar ƙanena ce, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 26. Ku yi mini uzuri, ba zan faɗi sunansa ba. Makanike ne a Suame Magazin, unguwar gareji ta nan Kumasi, kuma Allah ya ba shi hannu, har direbobin manyan motoci da ke zuwa daga Burkina shi suke nema. Shekara uku da suka wuce ya faɗi a babur ya ji ciwo a gwiwa. Abokan aiki suka fara ba shi tiramol don ya iya tsayuwa a gareji. Daga ɗaya ya koma biyu, daga biyu muka daina sanin lissafi.

Bara na ɗaga katifarsa zan yi shara, sai na ga takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari, ƙasanta ya ƙone baƙi ƙirin, da bututun biro da aka zare wa tawada. Ban gane ba a lokacin. Sai ya zama ana cikin hira kansa ya sunkuya, ya yi gyangyaɗi da lomar tuwo a hannu. Ya rame har wando sai da igiya. Tukunyar gas ta tafi, keken ɗinkina ya tafi, ranar Talata kuma 'yan kunnen zinariya da Mma ta sayo a Makka suka bi su. Da na tsare shi a soro, ya durƙusa yana kuka ya ce, Yaya, hirowin ce, kuma wallahi ba daɗi nake nema yanzu ba, in ban sha ba ji nake kamar ana sara mini ƙashi.

Kawunmu ya ce ranar Asabar zai zo da mota da samari biyu, a kai shi wani waje bayan gari inda ake sa musu mari a ƙafa wata uku ana ba su rubutu. Mma ta yarda saboda ta gaji. Ni na kasa barci. Don Allah wanda ya san wata hanya ya faɗa mini.

Alhaji Sani Alabar:
Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya kawo sauƙi. Amma gaskiya ɗaya ce, kawunku bai yi laifi ba. Yaron da ya kai ga cire 'yan kunnen uwarsa, gobe me zai ɗauka? Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan ya riga ya bushe. Ko dai a ɗaure shi har abin ya fita daga jininsa, ko a kai shi ga 'yan sanda ya ɗanɗana kurkuku ya dawo hayyacinsa. Lallashi shi ya ɓata mana yaran Zongo.

Maman Fa'iza:
Rabi sannu. Wai hirowin ɗin nan ita ce hodar iblis? Mu dai duk jonki muke ce musu.

Nas Hawa:
Maman Fa'iza, ba ɗaya ba ne. Hodar iblis, wato koken, zaburar da mutum take yi, ya kasa zama. Hirowin kwantar da shi take yi, shi ya sa Rabi ta ga gyangyaɗi. Daga ƙaron wani fure ake yin ta, wanda aka fi nomawa a Afganistan da Myanmar, dangin mofin ce da muke yi wa majinyaci bayan tiyata. Tiramol ma ɗan gidan ne, haka wannan jar ƙwayar da yara suka koma wa yanzu. Duk ƙofa ɗaya suke bugawa a ƙwaƙwalwa, shi ya sa wanda tiramol ya daina yi masa aiki yakan gangara zuwa hirowin.

Baba Alhaji, da girmanka, bari in yi bayanin abin da nake gani a wurin aiki, shekara goma sha biyu ina jinyar masu irin wannan lalura. Jikin ɗan Adam yana da nasa maganin zafi da Allah ya halitta masa a ciki. In mutum ya daɗe yana shan hirowin, sai jiki ya saba da na waje ya yi sakaci da nasa. Ranar da aka yanke, duk abin da ƙwayar ta danne sai ya taso da ƙarfi. Tana ɗaure ciki, to sai gudawa. Tana sa barci, sai ido ya bushe. Tana kashe zafi, sai kowace gaɓa ta ɗauki ciwo. Awa shida zuwa goma sha biyu bayan shan ƙarshe zai fara hamma, hawaye da majina suna zuba, tsigar jiki na tashi. Kwana na biyu da na uku su ne tsanani: amai, murɗar ciki, zufa, ƙafa na harbi. Wajen mako guda zuwa kwana goma abin ya lafa. Wannan ciwon da wuya ya kashe mutum shi kaɗai, amma wanda aka ɗaure yana amai da gudawa ba mai ƙara masa ruwa, ƙishirwar jiki na iya kashe shi.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, fitar ƙwayar daga jini mako ɗaya ne, shi ne ɓangare mafi sauƙi. Kwaɗayinta da ta bari a ƙwaƙwalwa yakan yi watanni, wani har shekaru. Mari ba ya kaiwa can. Kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, mai lamba 846, ta hana azabtar da majinyaci ko wulaƙanta shi, ko a asibiti ko a wurin mai magani.

Rabi, ki fara da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye, wato Gee. Asibitocin gunduma da yawa ma suna da nas na wannan fanni. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne, na cikin Akra, da Pantang a hanyar Aburi, da Ankaful kusa da Cape Coast, kuma Pantang na da sashe na musamman na masu shaye-shaye. Asibitin Korle Bu na Akra ma haka.

Alhaji Sani Alabar:
Wato asibitin mahaukata za a kai shi? Unguwa ta ji, wa zai ba shi 'yarsa gobe? Su ƙannensa mata fa?

Nas Hawa:
Baba, unguwa ta riga ta ji tun ranar da ya fita da tukunyar gas a ka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Jibirin Tafo:
Bari in taɓa maganar 'yan sanda, tunda ɓangaren da nake karantawa ke nan. Tsohuwar dokar 1990, ta zamanin mulkin soja na PNDC, in an kama mutum da laifin sha kawai, shekara biyar ce mafi ƙanƙanta, mallaka kuma shekara goma. An yi shekara talatin ana cika kurkuku da masu sha, shan bai ragu ba. A 2020 majalisa ta yi sabuwar doka mai lamba 1019, wadda ta mayar da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NACOB, ta zama NACOC. Yanzu wanda aka kama da ɗan abin da zai sha shi kaɗai, tara ce daga sidi 2,400 zuwa 6,000, in ya kasa biya ne zai iya yin har wata goma sha biyar a ɗaure. Mai sayarwa kuwa hukuncinsa na nan da nauyinsa. Dokar da kanta ta ɗauki mai sha a matsayin wanda ke buƙatar magani.

Kuma wannan tunanin ba baƙo ba ne a gare mu. Marigayi Kofi Annan, haifaffen nan Kumasi, shi ya haɗa kwamitin Afirka ta Yamma kan miyagun ƙwayoyi, Obasanjo ya shugabance shi. Rahotonsu na 2014 ya ce kayan da ake ratsawa da su ta ƙasashenmu zuwa Turai ba wucewa kawai suke yi ba, wani kaso na zubewa a nan 'ya'yanmu suna sha, don haka a bi manyan dillalai, a yi wa masu sha magani. Alhaji, in an kai shi ofishin 'yan sanda, mahaifiyarsa ce za ta sake neman kuɗin tara.

Awudu Nima:
Salamu alaikum. Ban so in yi magana ba, amma na karanta saƙon Yaya Rabi sau uku, kamar yayata ce ta rubuta shi shekara goma baya. Ni na sha hirowin shekara goma sha ɗaya. A unguwar Tudu ta Akra na fara, a kan wiwi aka barbaɗa mini ban ma san mece ce ba. Yau shekara biyar da wata huɗu ban taɓa ta ba, alhamdu lillahi.

Duk abin da Alhaji ya faɗa an yi mini. An kai ni kurkuku, na fito da sababbin abokai da sababbin lambobin waya. An kai ni wani waje aka sa mini mari wata biyu, har yanzu tabon na nan a idon sawuna na hagu. Bari in gaya muku abin da mutum ke yi a cikin mari: lissafi. Kullum ina kwance a tabarma ina zana hanyar da zan bi daga tasha zuwa geto, wato matattarar masu sha, da wanda zan roƙa kuɗi, da ƙaryar da zan yi. Na iya karatu, na iya kuka, na iya rantsuwa, duk don a kwance ni. Ranar da aka dawo da ni gida da azahar, kafin la'asar na sha. Abin da marin ya ƙara mini shi ne na daina yarda da mutanen gidanmu, na daina gaya musu komai.

Abin da ya yi mini aiki ba shi da wani abin mamaki. Likita ya kwantar da ni ya ba ni magungunan da suka rage amai da ciwon jiki da rashin barci har na wuce makon farko kamar mutum. Daga nan na yi wata shida a gidan farfaɗowa, kullum muna zama da'ira, kowa ya faɗi abin da ya yi ba tare da an zage shi ba. A nan na fara faɗin gaskiya, ina ɗan shekara talatin da huɗu. Da na fito kuma ban tsaya ba, har gobe ina zuwa taron masu irin matsalata kowane mako.

Sai ƙananan abubuwa, waɗanda su ne manya. Na canza layin waya. Shekara biyu ban riƙe kuɗi ba, duk abin da na samu Momo ɗin mahaifiyata yake shiga, ita ke ba ni kuɗin trotro da na waakye. Ban shiga motar da za ta bi ta Tudu ba sai da na shekara uku, gara in zagaya in biya sau biyu. Har yau in na ji ƙaurin ashana da aka kashe, cikina sai ya juya, bakina ya kawo yawu. In haka ta faru akwai wanda nake bugawa waya ko ƙarfe biyun dare ne.

Kuma kada in yi muku ƙarya, bayan gidan farfaɗowar ma na zame sau ɗaya, a wata na huɗu. Bambancin shi ne da safe na je na gaya wa tsohuwata da bakina, ita kuma ba ta kore ni ba, ta ɗauki mayafi muka koma wurin likita. Yaya Rabi, ƙaninki da ya durƙusa ya faɗa miki sunan abin da yake sha, ƙofa ce ya buɗe. Ni sai da na shekara bakwai kafin in iya haka. In aka zo da samari aka danne shi, zai rufe ta.

Mma Azumi:
'Yata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. Rabi, ni ɗana ya rasu. Mun kai shi irin wajen da kawunku ke faɗa, ya yi wata huɗu. Ya dawo ya yi ƙiba, fatarsa ta yi kyau, yana salla a kan lokaci. Na dafa shinkafa na raba wa maƙwabta don murna. Kwana tara da dawowarsa ya ce zai je aski. Da magariba yara suka zo suka ce ga shi can kwance a wani kango. Aka ɗauko shi, yana wani irin minshari, leɓensa ya yi toka-toka. Muka ce barci ne, wata ta ce a ɗura masa manja, wani ya ce madara. Muka ɗura. Muka shimfiɗe shi a ɗaki muka ce zai farka. Da asuba na je tashinsa salla, jikinsa ya yi sanyi.

Daga baya wanda suke tare ya ce bai sha fiye da abin da ya saba sha da ba. Shekara shida ke nan, ban daina jin wannan minsharin ba. Ban hana ku komai ba, amma ku san ranar da ya dawo gida fes, ranar ce za ku fi sa masa ido.

Maman Fa'iza:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri Mma.

Alhaji Sani Alabar:
Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta. Hajiya, ban san haka ta faru da ke ba.

Nas Hawa:
Mma, Allah ya ba ki dangana. Ba ki yi komai ba sai abin da kika sani, ba wanda ya taɓa koya mana wannan a Zongo. Amma tunda kin buɗe maganar don wasu su tsira, bari in ƙarasa ta.

Mai sha kullum jikinsa na jure adadi mai yawa. In ya yi makonni bai sha ba, wannan juriyar ta tafi. Sai ya koma ya sha daidai abin da ya saba, jikin kuma ya zama kamar na sabon shiga, numfashi ya tsaya. Shi ya sa makonnin farko bayan fita daga kurkuku ko wurin da aka tsare mutum suka fi kowane lokaci kisa. Hirowin numfashi take kashewa, ba zuciya take fara tsayarwa ba. In kun ga mutum ba ya farkawa ko an girgiza shi, numfashi jefi-jefi ko minshari mai kama da kakari, leɓe da farce sun canza launi, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura, to ba barci ba ne. Kada a ɗura masa komai, manja ko madara ko ruwan gishiri huhu za su tafi. A kwantar da shi ta gefe, a kira 112, ko a sa shi a mota ko pragya, babur mai ƙafa uku, zuwa asibiti mafi kusa, a gaya musu gaskiyar abin da ya sha. Akwai allura mai suna naloksan da ke kore hirowin daga mazauninta cikin 'yan mintoci mutum ya farfaɗo. Aikinta gajere ne, rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, don haka ko ya farka sai ya zauna a asibiti.

Saboda wannan haɗarin ne duniya ta koma ga maganin dogon zango. Akwai metadon, ruwa ne ake sha sau ɗaya a rana a gaban ma'aikacin lafiya, yana riƙe jiki yini da kwana, ba ciwon rashi, ba kwaɗayi, mutum ya tafi aikinsa. Akwai bufrenofin da ake sawa ƙarƙashin harshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su biyun cikin jerin muhimman magunguna tun 2005, kuma bincike ya nuna wanda ke kansu haɗarin mutuwarsa na raguwa da kusan rabi. Tanzaniya ta buɗe asibitin metadon a Muhimbili a 2011, Senegal ta buɗe cibiyarta a asibitin Fann na Dakar a ƙarshen 2014. A yankinmu samun su da wuya har yanzu, don haka Rabi ki tambayi likita kai tsaye me ke hannunsu. Kada kuma wani ya sayar muku da su a bayan fage, metadon in ba a auna shi ba, ko aka haɗa shi da giya ko maganin barci, shi ma kisa yake yi.

Abu Huzaifa:
Afuwan Anti, wannan metadon ɗin ba ɗan uwan hirowin ba ne? Ai an canza haramun da haramun ke nan. An ruwaito cewa Allah bai sanya warakarmu a cikin abin da ya haramta mana ba. Tuba da Alƙur'ani sun isa ga mai gaskiya.

Malam Idi Asawase:
Ɗana Abu Huzaifa, ka kawo magana mai tushe, bari mu bi ta a hankali. Mofin ma ɗan gidan ne, amma in aka yanka cikin mutum aka yi masa allurarsa ba malamin da ya ce ya yi maye. Abin dubawa shi ne lalura, da hannun ƙwararren likita, da adadin da ba ya gusar da hankali. Aya ta 173 a Baƙara ta ɗauke laifi ga wanda lalura ta tilasta, ba mai neman daɗi ba, ba mai ƙetare iyaka ba. Kiyaye rai kuma yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo don su. A Malesiya har a harabar wani masallaci a Kuala Lumpur an yi shirin ba da wannan magani, a haɗa da karatu da salla. Iran ma na amfani da shi sosai.

Sannan ku duba yadda Ubangiji ya raba sahabbai da giya. Bai yanke ta rana ɗaya ba. A Baƙara aka ce zunubinta ya fi amfaninta, a Nisa'i aka ce kada a kusanci salla cikin maye, sai a Ma'ida aka ce a nisance ta. Wanda ya halicci jiki ya san yadda sabo yake kama shi. Kuma a Bukhari akwai mutumin da ake ta kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Wani ya tsine masa don yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi ya hana, ya shaide shi da son Allah da Manzonsa. Mu kuwa yau yaro in ya shigo masallaci sai kowa ya jawo takalminsa kusa.

Ni malami ne, ina yin rubutu, ina yin addu'a, kuma na yarda da su. Amma ban taɓa ganin inda aka ce a sa wa mara lafiya sarƙa ba. Rabi, ki ba mai kula da zaure lambar kawunku, zan kira shi da kaina. Irin wannan magana daga bakin 'ya ba ta shiga kunnen kawu, daga bakin tsara takan shiga.

Abu Huzaifa:
Na ji Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni tsorona kada mutum ya dawwama a kansa.

Nas Hawa:
Wani yakan yi shekara ɗaya ko biyu a rage masa sannu a hankali har ya bari, wani yakan daɗe, kamar mai hawan jini da maganinsa. Gaggawar yankewa ita ke mayar da su geto. Akwai kuma naltireksan, shi ba ya cikin danginsu, toshe ƙofar yake yi, amma sai mutum ya yi mako guda zuwa kwana goma bai sha komai ba kafin a fara. Rabi, in kun je ku nemi a gwada shi tarin fuka da ciwon hanta da ƙanjamau. Ko da zuƙa yake yi ba allura ba, zaman geto a cunkushe na yaɗa tari, kuma ba ki san ko ya taɓa karɓar sirinjin wani ba.

Masta Yakubu Magazin:
Ni laifinmu nake so in faɗa, mu iyayen gida a gareji. Muna ganin yaro ya jefa ƙwaya a lemon kwalba da safe, ya sauke giyabos shi kaɗai, mu ce yaron nan akwai ƙarfi. Ba ma tambaya sai ranar da sifana ta fara ɓata. Yara biyu na kora saboda haka, ɗaya yanzu a kasuwar Kejetia yake kwana. Da na san abin da na karanta yau da ban kore shi haka ba. Rabi, ki je ki sami mastansa ki gaya masa gaskiya, ki roƙe shi ya ajiye masa gurbinsa. Wanda ya fito magani ya tarar ba aikin yi, zaman banza zai mayar da shi.

Alhaji Sani Alabar:
Na karanta duka. Maganar Hajiya Azumi ta taɓa ni, na janye batun mari. Amma abu biyu ban janye ba. Na farko, tsohuwar nan tana da haƙƙi ita ma. A sa kwaɗo a ɗakinta, kada a ba shi ko sidi ɗaya a hannu, in yunwa ce a ba shi abinci. Tausayi daban, sakaci daban. Na biyu, dukanmu mun san gidajen da ake sayar da abin nan a Aboabo da Asawase da nan Alabar, mun san 'ya'yan waye. Muna gaisawa da iyayensu a masallaci. Za a yi ta kai yara asibiti suna dawowa suna tarar da mai sayarwa a bakin lungu. Wannan sai sarakunan Zongo da limamai sun tashi tsaye, kuma zan kai maganar inda ta dace.

Awudu Nima:
Baba Alhaji, batun kwaɗo da kuɗi gaskiyarka ce, haka aka yi mini kuma ya taimake ni. Yaya Rabi, in likita ya ce a kai shi gidan farfaɗowa bayan asibiti, kada ki biya ko kwabo sai kin je da ƙafarki. Ki ce a nuna miki inda suke kwana. Ki tambaya ko likita na zuwa, ko ana duka, ko dangi na iya ziyara, da abin da suke yi wa mutum bayan an sallame shi. In suka ce miki wata ɗaya ya warke har abada, ki ɗauki jakarki ki fito. Wasu kuɗinsu da nauyi, mu sai da dangi suka yi karo-karo.

Rabi Aboabo:
Jama'a, ku gafarce ni da shirun kwana goma sha biyu. Malam ya kira Kawu daren Juma'a, sun fi awa suna magana. Ranar Asabar Kawu ya zo shi kaɗai ba samari, ya zauna a soro da yaron, ban san me suka ce ba, na dai ga Kawu ya fito yana goge ido da hularsa.

Litinin muka je asibiti. A layi ya fara hamma da zufa, ya ce zai je bayan gida, sai muka neme shi muka rasa. Na zauna a bakin titi na yi kuka har mai sayar da ruwa ta ba ni ɗaya kyauta. Da asuba ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya sha, bai ɓoye ba. Na tuna maganar Yaya Awudu, ban ce masa komai ba, na dama koko na ba shi. Laraba muka koma, wannan karon da Kawu, kuma tun da sassafe. An kwantar da shi. Dare na biyu da na uku ba zan so wa maƙiyina ba, ya zage ni, ya roƙe ni, ya ce in kashe shi ya huta. An ƙara masa ruwa leda huɗu. Jiya ya ci tuwo ya ce a kawo masa ƙari. Gwajin ƙanjamau da na hanta lafiya, na tari muna jiran sakamako.

Mastansa ya ce akwatin kayan aikinsa na nan a kulle ba mai taɓawa. Mma Azumi, na karanta wa Mma saƙonki, ta ce a gaishe ki, tana so ta zo har gida. Likita ya ce mako mai zuwa za mu zauna a kan inda zai wuce daga nan, kuma na rubuta tambayoyin Anti Hawa a takarda don kada in manta. Abin da nake nema yanzu, Yaya Awudu, ko za ka yarda ka yi magana da shi? Ya ce mu duka ba mu san abin ba.

Awudu Nima:
Ya yi gaskiya, ba ku sani ba. Ki tura lambarki ga mai kula da zaure. In nas sun yarda a ba shi waya, zan kira yau bayan isha'i. Ki gaya masa ba wa'azi zan yi ba, ya tanadi duk tambayar da yake jin kunyar yi muku.